Likita ya ce sai na rage kilo 18 kafin ya gyara mini ciki

Assalamu alaikum Malama. Ni mace ce mai shekara 38, ina zaune a nan Maradi, ina sayar da atamfofi da lesuka a gida. Haihuwata shida, biyun ƙarshe da aiki aka ciro su, autar tana da wata 14 kuma tana shan nono. Tun haihuwa ta huɗu cikina bai koma ba, yanzu ya zubo har ya rufe marata, idan bazara ta yi ƙarƙashinsa yakan saɓe ya yi ja, yana ƙaiƙayi yana wari duk wankan da zan yi. A wurin biki an sha yi mini barka da ciki alhali ba ni da komai, ƙanwar maigidana kuma ta taɓa cewa a gaban mutane na zama buhu. Maigida bai taɓa gaya mini baƙar magana ba, amma yana shirin ƙara aure bayan Babbar Salla, ni kuwa ko madubi ba na son kallo. Na kwashi adashe na je Yamai wurin likitan tiyata, ya auna ni ya sami kilo 97, tsawona mita 1 da santimita 62. Ya ce ba zai taɓa ni ba sai na rage kilo 18, na yaye yarinya, na kuma tabbata na gama haihuwa. Da kuka na fito. Yanzu wata mata a WhatsApp ta ce za ta haɗa ni da asibiti a ƙasar waje, a yi mini a yadda nake, in dawo cikin kwana 10, idan na tura rabin kuɗin. Abin da kunya ta hana ni gaya wa likitan shi ne, ina amarya ramammiya ce ni, ƙawaye suka koya mini shan ƙwayoyin sha-ka-fashe, kuma har yau nakan sha idan na ji jikina ya mutu. Maigida bai san zancen tiyatar ba. Shin wulaƙanta ni likitan ya yi don ina da ƙiba, ko gaskiya ya faɗa? In tura kuɗin?

Daga wata uwargida, Maradi.

Wa alaikumus salam wa rahmatullah, ƴar'uwata. Na karanta wasiƙarki har sau biyu, kuma inda ya fi tsaya mini a rai shi ne barkar da ake yi miki da cikin da ba ki da shi, domin duk macen da aka taɓa yi wa haka ta san yadda ake murmushin dole a gaban jama'a, a koma gida a kasa barci. Cikin nan da kike ƙin kallo shi ya ɗauki rayuka shida, sau biyu ana tsaga shi ana ɗinkewa, saboda haka babu abin kunya don kin so a gyara shi, kuma ba zan ce miki ki rungumi haƙuri ki zauna da saɓar fata da ƙaiƙayi ba. Amma tunda kin tambaye ni ba tare da kwana-kwana ba, haka zan amsa miki: kada ki tura wa matar nan ko dala ɗaya. Likitan Yamai gaskiya ya gaya miki, ko da a ce bai faɗe ta da taushin da ya kamata ba. Mutumin da ya ga kuɗi a hannunki ya ce ki koma gida da abinki, ranki ya duba.

Na yi shekaru ina jinyar waɗanda aka fito da su daga ɗakin tiyata, don haka bari in bayyana miki abin da aikin nan ya ƙunsa, domin yawancin masu nemansa sun ɗauka hanyar rage ƙiba ce. Likita yana tsaga fata a ƙasan mara daga wannan ƙashin ƙugu zuwa wancan, ya ɗaga fatar ciki tare da kitsen da ke manne da ita har zuwa gindin haƙarƙari, ya ɗinke dogayen tsokoki biyu na gaban ciki waɗanda goyon ciki ya raba tsakaninsu, sannan ya jawo fatar zuwa ƙasa, ya yanke rarar, ya huda wa cibiya sabuwar ƙofa. Aiki ne na awa biyu zuwa biyar, kina cikin barcin allura gaba ɗaya. Abin da ake yankewa a zubar galibi ƴan kilo kaɗan ne, ta yadda macen da ta shiga da kilo 97 za ta fito tana sama da 90, da ƙibarta a baya da cinyoyi da damatsa kamar yadda ta shiga.

Akwai kuma abin da wuƙar likita ba ta isa gare shi. Kitsen ciki iri biyu ne: akwai na ƙarƙashin fata, wanda kike iya damƙa da hannu, akwai kuma na can ciki, bayan tsoka, wanda ya nannaɗe hanji da hanta. Na farko ne kaɗai ake iya yankewa ko a zuƙe. Na biyun ba a taɓa shi, sai abinci da motsa jiki ke narkar da shi. Ki gwada da kanki yau da dare: ki kwanta rigingine a kan katifa mai tauri, ki saki jiki. Idan cikin ya baje ya zube gefe da gefe, yawancin matsalar fata ce da kitsen sama. Idan kuwa ya tsaya a tsakiya da tauri kamar an kife ƙwarya, to kitsen ciki ya yi yawa. Ke ƴar kasuwa ce, kin san buhun hatsin da aka ɗura har wuya, duk ƙarfin mai ɗinki ba zai tsuke shi ba sai an rage abin da ke ciki, idan kuma aka tilasta, ɗinkin ne zai ɓalle. Haka tsokar ciki take. Idan aka ɗaure ta a kan tarin kitse, cikin zai fito a kumbure daga sama kamar na mai wata biyar, ga matsi a kan huhu da manyan jijiyoyin jini, ga tabo tun daga ƙugu har ƙugu, kuma barkar da kike gudu ba za ta daina ba.

Kilo 18 ɗin da ya faɗa ma ba daga kansa ya ƙago ba. Likitoci suna da ma'aunin da ke gwada nauyi da tsawo, wanda a takardun asibitocinmu za ki ga an rubuta IMC, a Najeriya kuma BMI. Ana ninka tsawon mutum da kansa, sannan a raba nauyinsa da abin da ya fito. Naki 1.62 sau 1.62 ya ba da 2.62, idan aka raba 97 da shi sai a sami 37. A ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya, daga 18.5 zuwa ƙasa da 25 shi ne daidai, daga 25 nauyi ya fara yawa, daga 30 kuma an shiga ƙibar da ake ɗauka a matsayin lalura. Yawancin likitocin wannan aiki sun fi son mace ta kasance a wajen 30 ko ƙasa, wasu sukan karɓa har 35 idan babu wani ciwo, amma 37 ya wuce inda mai tsoron Allah zai sa wuƙa don gyaran siffa. Idan kika sauko kilo 79, lissafinki ya dawo kan 30. Ma'aunin yana da nasa rauni, domin bai san inda kitsen ya taru ba, shi ya sa ake haɗa shi da awon ƙugu. Ki ɗauki tef ɗin tela ki zagaya cikinki daidai saman ƙashin ƙugu, a wurin mace duk abin da ya haura santimita 88 alama ce ta kitsen cikin da ke jawo ciwon suga da hawan jini.

Dalilin wannan tsanani shi ne warkewar miki. Kitse ba shi da wadatar jijiyoyin jini kamar tsoka, kuma jini ne ke kai wa miki abin da zai haɗe da shi. Idan aka ɗaga fata mai kaurin kitse daga mazauninta aka ja ta da ƙarfi, bakinta da ke tsakiyar mara shi ne ya fi nisa da jini, can ne kuma ɗinki ya fi buɗewa, ko fatar ta yi baƙi ta mutu. Ruwa yakan taru a ƙarƙashin fatar har sai an riƙa zuƙe shi da sirinji, ƙwayoyin cuta kuma suna son irin wannan wuri. Ba zan manta wata baiwar Allah da na yi jinya ba, mai jiki kamar naki, wadda aka yi wa aikin ciki na wata lalura daban. A kwana na takwas ta yi tari, sai muka ga bandejin ya jiƙe da ruwa ja-ja, da muka buɗe tsakiyar ɗinkin ya rabu, kitsen yana nan rawaya kamar man shanun da ya narke. Wata biyu muka yi muna cusa auduga muna cirewa safe da yamma, tana damƙe ƙarfen gado tana salati. Ta warke da ikon Allah, amma tabon da ya saura ya kai faɗin tafin hannu. Ita lalura ce ta tilasta mata, ke kuwa kina da damar jira har jikinki ya shirya.

Abin da ya fi buɗewar ɗinki haɗari shi ne daskarewar jini a jijiyoyin ƙafa. Gudan jinin yana iya ɓallewa ya bi jijiya ya toshe huhu, mutum yana cikin magana numfashi ya sarƙe. A cikin tiyatocin gyaran jiki, ta ciki tana cikin waɗanda suka fi jawo wannan, ƙiba tana ƙara shi, ƙwayoyin tazarar haihuwa masu sinadarin estirojin suna ƙara shi, doguwar zama wuri ɗaya kuma tana ƙara shi. To, ki auna wannan da alkawarin matar WhatsApp: a yanka ki, kwana 10 ba su cika ba a sa ki a jirgi ki yi awoyi a naɗe a kujera, ki sauka Yamai ki sake shiga mota ki yi tafiyar sama da kilomita 600 zuwa Maradi. Idan ɗinkin ya buɗe a kwana na 15, wanda ya yi aikin yana wata ƙasa, ita kuma dillaliyar ta riga ta karɓi la'adarta. Kuɗi da fita waje ba su ne kariya ba. A watan Oktoban 2005 Stella Obasanjo, matar shugaban Najeriya na wancan lokaci, ta rasu a ƙasar Sifaniya bayan an yi mata tiyatar cire kitse a wani asibitin kuɗi. Akwai ƙwararrun likitoci a ƙasashen waje, ban musa ba, amma ƙwararre ba ya cewa zai yi wa mace aiki alhali bai gan ta ba, bai ga gwajin jininta ba, bai san maganin da take sha ba.

Wannan ya kawo ni kan abin da kika ɓoye, wanda a wurina ya fi duk sauran wasiƙar nauyi. Na gode da kika faɗa, kuma ban ga laifinki ba, domin mun taso a inda ake auna jin daɗin amarya da cikar jikinta, ramammiya kuma a ce miji ba ya ciyar da ita. Sai dai ƙwayoyin da ake kira sha-ka-fashe ba abinci ba ne. Wasu maganin ƙaiƙayi da mura ne da ke buɗe ciki, irin su sifrohebtadin, wasu kuma, waɗanda suka fi muni, deksametazon ne da danginsa, magani mai ƙarfi da likita ke bayarwa na ƴan kwanaki saboda asma ko kumburi. Wanda ya daɗe yana shan sa kitse yakan taru masa a ciki da fuska da doron wuya, hannuwa da ƙafafu su sirance, fata ta yi laushi ta riƙa tsagewa da nankarwa masu faɗi, suga da hawan jini su tashi, ƙashi ya yi rauni, miki kuma ya ƙi warkewa. Kin ga ke nan wani kaso na wannan ciki yana iya zama aikin ƙwayar ne, ba na haihuwa kaɗai ba.

Akwai abin da ya fi wannan. A saman kowace ƙoda akwai wata ƴar halitta da ke samar wa jiki sinadarin da yake jure wahala da shi, irin su zazzaɓi, rauni da tiyata. Idan aka daɗe ana shan deksametazon, sai waɗannan halittu su yi kwance su daina aiki, tunda ana kawo musu daga waje. Mutuwar jikin da kike ji har ki koma ki sha, mai yiwuwa ne jikin ke neman abin da ya saba da shi. Macen da ke cikin wannan hali, idan aka kwantar da ita aka yanka ba tare da mai ba da allurar barci ya sani ba, jininta yana iya faɗuwa warwas a kan gadon tiyata. Saboda haka abu biyu nake roƙon ki. Kada ki sake shiga hannun wani likita, ko na haƙori ne, ba ki gaya masa ba. Kada kuma ki yanke shan ƙwayar dare ɗaya don kin karanta wannan, domin yankewa kwatsam tana iya kawo amai da jiri da faɗuwar jini. Likita ne zai duba ko wace iri ce, ya tsara miki yadda za ki riƙa ragewa har jikin ya farfaɗo.

Sharaɗin haihuwa da na yaye ba su buƙatar dogon bayani. Sabon ciki zai sake buɗe tsokar da aka ɗinke ya saki fatar, kuɗi da wahala su tafi a banza, ko da yake tiyatar ba ta hana ɗaukar ciki. Autarki kuma tana da haƙƙin nononta, kada ki gaggauta yaye ta saboda wannan. Haka nan nauyin da aka rage dole ya zauna wuri ɗaya kamar wata shida kafin a yi aiki, domin wadda ta ci gaba da ramewa bayan tiyata fatarta za ta sake saki, wadda kuma ta ƙara ƙiba cikin zai dawo ta sama da gefe.

Yanzu bari mu zo kan maigida, domin na lura da yadda Babbar Salla ta shigo cikin lissafinki. Zuciyarki tana gaya miki cewa idan cikin ya ɗame kafin amarya ta tare, wani abu zai canja. Ƴar'uwata, kishi halal ne, zafin da kike ji kuma na gaske ne, amma ban taɓa ganin tiyatar da ta fasa ɗaurin aure ba, kuma ba na son ki kwanta a gadon asibiti da robar fitar da ruwa a ciki ranar da ake guɗa a gidanki. Ke da kanki kin shaida bai taɓa gaya miki baƙar magana a kan jikinki ba, to kada ki ɗora masa maganar ƙanwarsa. Ita ta yi kuskure, harshenta ya yi kaifi, kuma kina da damar ki kira ta gefe ki gaya mata cikin natsuwa cewa maganar ta yi miki ciwo. Shi kuwa yana da haƙƙin sanin abin da kike shiri. Aiki ne da ake sa hannu a takarda kafin a yi shi, yana buƙatar mai jinya na makonni, kuma idan wani abu ya faru a ƙasar da ba ki da kowa, shi za a nema. Ki zaɓi lokacin da hankalinsa ke kwance, ki fara da saɓar fatar da ke damun ki da abin da likita ya ce game da nauyinki, sannan ku yi maganar haihuwa a fili: shida sun isa, ko yana sa ran ƙari? Bayan aiki biyu, wannan tambaya ce da ya kamata ku kai wa likitar mata tare, ko da babu zancen gyaran ciki.

Idan zuciyarki tana ɗar-ɗar ta fuskar addini, ki sani malamai sun bambanta tsakanin canja halitta don ƙawa kawai da kuma kawar da cuta ko aibin da ya samu mutum daga baya, suna kafa hujja da sahabi Arfaja ɗan As'ad, wanda aka sare wa hanci a yaƙi, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ba shi izinin sa na zinariya. Ki kai wa malamin da kika amince da shi bayanin halinki kamar yadda yake, har da mikin da bazara ke jawo miki.

Ga inda nake son ki fara, kuma ba sai kin bar Maradi ba. Ki je babban asibitin jiha ko cibiyar lafiyar uwa da yaro, a auna miki hawan jini, a gwada suga, musamman gwajin da ke nuna yadda sugan ya kasance a wata uku da suka wuce, a duba yawan jininki tunda mai haihuwa shida tana shayarwa ba ta rasa ƙarancinsa, a kuma duba aikin ƴar halittar nan ta gaban wuya wadda kumburinta ke kawo maƙoƙo, domin idan aikinta ya yi sanyi yana sa ƙiba da kasala. Ki nemi a yi miki hoton ciki, saboda ƙarin mahaifa ko ɓullar cibiya suna iya fito da ciki, kuma kowannensu da maganinsa daban. Idan kina allurar tazarar haihuwa ta wata uku, ki faɗa, domin takan ƙara wa wasu mata nauyi, akwai kuma wasu hanyoyin da za a iya canja miki.

Ragewar kanta a hankali ake yin ta, kamar rabin kilo a mako, wanda ba zai taɓa ruwan nononki ba. A haka kilo 18 za su ci wata tara, ki ƙaddara shekara guda saboda azumi da bukukuwa da makonnin da sikeli zai tsaya cik. Na san zaman mai sayar da kaya a gida: tabarma, baƙi suna shigowa, a aika yaro ya sayo lemo da fanke, a dama fura a zuba sukari, da yamma a ɗora shayi. Daga nan za ki fara. Ƙaramar kwalbar lemo ɗaya tana ɗauke da sukari kusan giram 35, wato wajen ƙwayar sukari bakwai, alhali Hukumar Lafiya ta Duniya tana son babba ya tsaya ƙasa da giram 50 a yini, ya fi kyau ma 25. Ki sha furarki da nono ba sukari, ludayi kaɗan. Man gujiya ki riƙa auna shi da cokali maimakon tuttulawa daga kwalba. Tuwo malmala ɗaya, miyar kuka ko kuɓewa ko yakuwa ta fi tuwon yawa, shinkafa da taliya da burodi a rage su, a cike gurbinsu da wake, kwaɗon zogale, rama, kabeji, ƙwai da kifi. Tafiyar minti 30 kwana biyar a mako ta isa farawa, bayan sallar asuba kafin rana ta yi zafi, ko ki riƙa kai wa masu sayen kayanki na cikin unguwa da ƙafa maimakon hawa kabu-kabu. Shayin rage ƙiba da ake tallatawa a waya yawancinsa gudawa da fitsari yake sa wa, ruwan jiki ne ke fita kitsen yana nan. Alluran rage ƙiba na zamani kuwa suna aiki, amma ba na mai shayarwa ba ne, kuma ba a karɓar su sai daga hannun likita. Idan gwaji ya nuna kina da suga ko hawan jini, kuma shekara ta zagayo nauyin ya ƙi sauka duk da ƙoƙarinki, akwai tiyatar rage tumbin abinci da ake yi wa masu IMC 35 zuwa sama da ke da irin waɗannan cututtuka, wadda bayanta ake jiran shekara ɗaya zuwa ɗaya da rabi kafin a yi maganar fata.

Saɓar ƙarƙashin cikin ba sai ta jira duk wannan ba. Gumi ne da gogayya ke jiƙa wurin, ƙwayar cuta dangin ƙyasbi da makero ta samu wurin zama. Bayan wanka ki ɗaga fatar ki tsane ta sarai, ki tsaya gaban fanka ko ki yi fifita har ta bushe, sannan ki shimfiɗa tsaftataccen ƙyallen auduga a cikin lanƙwasar, ki canja shi da zarar ya jiƙe. A kantin magani akwai man kilotirimazol da ake shafawa safe da yamma na mako biyu zuwa huɗu. Ki nisanci mayukan ƙara hasken fata da waɗanda ake haɗawa a kasuwa, domin da yawansu suna ɗauke da dangin ƙwayar nan da muke son raba ki da ita. Duk lokacin da wurin ya zama gyambo, ki je asibiti a rubuta a katinki. Wannan rubutu yana da amfani, domin akwai wani aikin daban da ake yanke fatar da ta zubo kaɗai, ba a ɗaga sauran cikin ba, ba a ɗinke tsoka ba, ana yin sa saboda lalura ga waɗanda miki ya ƙi barin su, kuma likita yana iya yarda da shi ko nauyi bai sauka sosai ba. Ba ya ba da shafaffen ciki, shi ma yana da nasa haɗarin, amma ki tambayi likitan Yamai a kansa idan kin koma.

Ina kuma son ki koma wurinsa, shi ɗin da ya sa ki kuka. Idan Allah ya kai mu lokacin, autarki ta kusa shekara uku, nauyinki ya zauna, kin rabu da ƙwaya, sai ki zauna da shi ki yi tambayoyinki ba kunya: sau nawa ya yi irin wannan aiki, wa zai ba da allurar barci, me za a ba ki don hana daskarewar jini, wa za ki kira idan miki ya yi ruwa. Ki nuna masa tabon aikin haihuwarki da hujin kunnenki, domin fatarmu ta baƙaƙe takan yi tabo mai tudu, kuma yadda tsofaffin tabonki suka warke zai nuna masa abin da za a sa rai. Ki shirya zama a Yamai na makonni kafin ki hau doguwar mota, ki san za ki yi mako ɗaya ko biyu kina tafiya a duƙe, ki yi kamar mako shida da ɗamarar roba ba ki ɗaga bokiti ko yaro ba, ƙasan cibiya kuma zai daɗe ba ya jin taɓi sosai. Ki nemi a sa ranar cikin sanyin hunturu, domin ɗamara da sabon ɗinki a zafin Afrilun Maradi azaba ce. Mai yiwuwa ma idan kin sauko kilo 79 ki ga abin da ya saura bai kai a yanka ba, mai yiwuwa kuma fatar ta ƙara zubowa tunda abin da ya cika ta ya tafi, a lokacin ne aikin zai yi kyan da kike fata.

Kuɗin adashen ki mayar da su cikin jarinki ko ki adana su inda hannu ba zai kai ba, ki cire kaɗan na gwaje-gwaje. Lambar matar nan ki toshe ta yau. Gobe da safe ki ɗauki kwalin ƙwayoyin da kike sha, ko ɓawonsu ne ya rage, ki sa a jaka ki tafi da shi asibiti ki ajiye a gaban likita. Idan sakamakon ya fito ki sake rubuto mini, ki haɗa da awon ƙugunki na wannan makon, mu ga inda za mu ɗora. Allah ya ba ki lafiya, ya raya miki zuri'a.